Koko da Mashin ɗin Memuna

Ku 'yan matan nan da kuke zuwa kuna tsaya mini a kai, "Mma Lariba, koya mana koko mu ma mu fara," ku samu waje ku zauna. Jiya wata a cikinku ta ce mini wai ai koko ba wani abu ba ne, gasara ce da ruwan zafi. To, je ki dafa ruwan ki zuba, ki ɗauko ki kawo tasha mu ga wanda zai saya sau biyu. Rubutun nan da hannuna na yi shi. Sai da na yi jikoki na shiga makarantar manya, saboda haka in kun ga layi ya karkace, ku miƙe shi da idonku.

Wankin gero ne aikin farko da aka ba ni, a Salaga, gidan Goggo Asabe, ƙanwar babana. Gero ya kwana a ruwa, da safe ki tsiyaye, ki ɗauki ƙwarya ki yi ta regewa har tsakuwa da yashi su kwanta a ƙasa. In na ce na gama, Goggo ta ɗebi kaɗan ta watsa a baki ta tauna. Haƙorinta ya ji yashi ɗaya, sai ta turo mini bahon da ƙafa. In koma daga farko. Na daɗe a kan wannan baho kafin a bar ni in taɓa ludayi. Ku kuwa ranar da kuka zo kuke son ku tsaya a tebur kuna ba da canji.

Bayan wanki sai kayan yaji: citta, kanumfari, masoro, barkono kaɗan, kimba in akwai. Ba a auna su da cokali, da ido ake aunawa, kuma kowace mai koko da nata hannun. Ki kai inji ki tsaya a kan mai niƙa, don in kika juya baya zai zuba miki a kan ragowar masarar wani. Ki dawo ki tace da ƙyalle, ba da rariyar roba ba. Ƙyallen tata na Goggo ya fi ɗankwalinta daraja a gidan nan, mutum bai isa ya share hannu da shi ba. Sai ki bar gasara ta kwanta ta yi tsami. Nan ne ake gane mai koko. Lokacin zafi tsami gudu yake yi, ki yi sakaci kaɗan ya wuce, mutane su sha su yamutse fuska. Lokacin sanyi kuma sai kin lallaɓa shi. Hanci ke gaya miki, ba agogo ba.

Damu kuwa ruwan tsamin nan da ya taso a kan gasara ake tafasawa, ba ruwan famfo ba. Ya tafasa, ki ja itace baya, ki zuba gasara kina juyawa ba tsayawa. Kika tsaya amsa sallama, gudaji sun fito. Daga nan ki ɗanɗana. Harshe kayan aiki ne kamar muciya. Goggo ta koya mini in ɗanɗana kafin sukari da bayan sukari, ta kuma koya mini cewa ragowar ƙasan tukunya ba a zubarwa. Abin da ya saura in kasuwa ta watse, mai koko ke shanyewa, da sukari, da ƙosan da maƙwabciya ta kasa sayarwa. Haka ta yi har ta mutu, haka ni ma na yi shekara da shekaru. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin cin abinci ba, ni a wurina gyaran tukunya ne.

Aure ya kawo ni Yendi, na samu waje a gindin dogon yaro kusa da tashar mota. Ku sani, wajen nan ba shi da takarda. Naki ne muddin teburinki na nan kuma tukunyarki na tururi. Ki yi 'yan kwanaki ba ki fito ba, wata ta ajiye benci, shi ke nan, ko sarkin tasha ba zai tashe ta ba. Da ciki na fita, da goyo na fita. Ranar da na haifi Memuna, 'yata ta fari, ƙanwar mijina na tura ta tsaya a wajen da tukunya, duk da kokonta ruwa-ruwa ne, don dai kar inuwar ta zauna ba kowa.

Masu saye kowa da halinsa, kuma dole ki riƙe a ka. Masu lodin doya suna son mai kauri wanda zai riƙe ciki har azahar. 'Yan makaranta a leda, su huda gefe suna tsotsa suna gudu. Akwai Direba Iddi mai motar Tamale, shi kullum rigimarmu a kan sukari.

"Mma, hannunki ciwo yake? Ƙara mana."

"Na sa cokali uku."

"Ukun nan ko tururuwa ba za ta taso dominsu ba."

"Buɗe bakinka in ga haƙoran da suka rage, sai in ƙara."

Ya yi dariya, ya rufe baki da hannu, in ƙara masa ɗaya.

Sukari shi ma aiki ne, kar ku raina. A roba mai murfi nake ajiye shi, amma da damina ko ya kika rufe sai ya sha iska ya dunƙule. Cokali ba ya fasa shi da sauri, mutane kuma na tsaye mota na jiransu. Da babban yatsa da manuni ake murƙushe shi, a zuba, a ƙulle bakin leda, a miƙa. Hannu ya yi danƙo, ga jiƙaƙƙen tsumma a gefen tebur, da shi ake share abin da ya zube, da shi ake share hannu. Kowace mai koko daga Salaga har Bawku tana da irin wannan tsumma.

Na ga shekarar da gero ya yi tsada har na haɗa da masara, mutane suka gane a kurɓa ta farko, wasu suka gudu suka dawo daga baya. Wannan ba komai ba ne. Shekarar da ta kusa tashina daga gindin bishiyar nan, ba gero ba ne ya jawo.

Gwiwa ce ta kai ni asibiti. Kafin a duba gwiwar suka ɗebi jini, suka ce in dawo da safe ban ci komai ba, suka sake ɗiba. Nas ɗin wata 'yar Bolga ce mai sanyin magana, Hausarta a karye amma ana ganewa. Ta ce, "Mma, ba ki da ciwon sukari tukuna, amma kina bakin ƙofa. Lambarki shida da wani abu. In kin gyara ci, kina tafiya da ƙafa, za ki iya tsayawa a nan, ko ma ki ja baya. In ba ki gyara ba, ki shiga ciki."

Ta tambaye ni me nake ci da safe. Na ce ba na cin komai.

"Har yaushe?"

"Har in gama kasuwa in shanye ƙasan tukunya."

"Ƙasan tukunya kamar yaya?"

Na nuna mata girman ƙwaryar da hannu biyu. Ta ajiye biro ta dube ni.

Na gyara, kuma ban yi wasa ba. Na rage yawan damu don kar ya saura, in ya saura in aika gidan maƙwabta masu yara da yawa. Ɗanɗano ya koma kafin sukari kawai, a kan harshe, ba kurɓa ba. Tuwon dare na mai da shi kamar dunƙulen hannuna, miya kuwa na ƙara, ayoyo, kuɓewa, alefu, abin da kasuwa ta kawo. Na koma cin wake da rana. In an je suna ko biki aka miƙo kwalbar lemo, in karɓa in sa a jaka in kai wa jikoki. Inji da nake hawa keken yalo-yalo in je, na koma ɗora kayan a keken, ni in bi da ƙafa. Matan unguwa har suna tambaya ko na yi faɗa da masu keken ne. Kafin damina ta kankama, zanina ya fara neman ƙarin ɗauri.

Memuna tana aure a Bawku, albasa take saye tana turawa Kumasi. Da ta ji labari ta sayi mashin ɗin gwada sukari ta aiko da shi ta hannun wani direba. Ɗan abu ne kamar ƙaramar waya, da allurarsa, da kwalbar wasu 'yan tsinkaye da ake sa masa a baki su sha jini. Na kai wa nas ta nuna mini. Ta ce hannu ya zama mai tsabta, a soki gefen yatsa ba tsakiya ba, kwalbar tsinke a rufe ta kullum, kar ta sha zafi ko ruwa, a gwada kafin a ci komai. Duk na riƙe. Lamba kuwa ina karantawa da kaina, ba sai na kira kowa ba.

Sai dai ni da asuba ba ni da lokacin zama da mashin, tukunya na kan wuta. Memuna kuma ta san da hantsi mutane ke raguwa, lokacin take bugo waya ta ce in gwada tana ji. Cikina ba komai har lokacin, to daidai ne da abin da nas ta ce. In share hannuna tas da tsumma, in soka, in karanta mata.

Sha huɗu. Washegari tara. Wata rana sha shida.

Ranar Juma'a ba na fita, tun tuni ita ce ranar hutuna. In na idar da sallar asuba sai in gwada a kan tabarma. Shida da wani abu, kamar yadda aka gani a asibiti.

Memuna 'yar kasuwa ce, ta iya haɗa abu biyu. Ta ce, "Mma, ranar da ba ki je tebur ba shida. Ranar da kika je sha huɗu. Wa ke shan kokon?"

Na ce, "Iddi."

"Mma, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Na ce miki na daina."

"Kin daina, mashin kuma ƙarya yake?"

Na ce ƙarya yake. Na ɗauke shi na kai asibiti don a kama shi. A bakin ƙofarsu akwai bokiti mai famfo da sabulu, kowa sai ya wanke hannu kafin ya shiga. Nas ta soki yatsana, ta gwada da nasu, ta gwada da nawa. Lambobin suka zo kusa da juna. Ta ce irin waɗannan mashin ɗin ba sa faɗin abu ɗaya cif, ko ki gwada sau biyu a jere za ki ga ɗan bambanci, amma ba daga shida zuwa sha huɗu ba. Ta duba kwalbar tsinke, ba ta lalace ba. Sai ta rage murya ta ce, "Mma, ki faɗa mini gaskiya, ba zan yi faɗa ba." Ta ce in abin ya ci gaba a haka likita zai duba maganar fara magani.

Na je in kama mashin, na dawo ni ce maƙaryaciya.

Ba a yi mako ba sai ga Memuna ta sauka daga motar Bawku da manyan jakunkuna biyu, ba komai a ciki. Ta ce in tattara kayana. Ɗaki na nan ta gyara mini, ga jikoki, ga hutu, ba tukunya ba sukari. Har ta riga ta yi magana da Sanatu, wata mai koko da ke can ƙarshen tasha kusa da kwata, wadda ta daɗe tana kallon inuwata. Ta ce mata daga jibi ta matso da teburinta.

Na ce, "Kin ba da wajena ina raye?"

"Don ki ci gaba da rayuwar ne, Mma. Ƙafar Goggo Asabe kin manta yadda ta ƙare?"

Ban manta ba. Wani ɗan gyambo ne a yatsa ya ƙi warkewa har ya tafi da ita, lokacin ba wanda ya san sunan abin.

Na ce mata, "To, abu ɗaya. Gobe ki bi ni. Ki zauna ki kalli bakina daga fitowa har hantsi. In kika ga na sa wani abu a ciki, ko mashin ya faɗi abin da za ki iya nuna mini inda ya fito, ni da kaina zan cika jakunkunan nan."

Ranar ta faɗo kasuwar Yendi, an kwana ana ruwa, mutane kamar su ture tebur. Memuna ta zauna a benci da hannu a naɗe kamar 'yar sanda. Ba ta jima ba ta kasa. A gindin teburin nan ta girma, ba za ta iya kallon layi yana tsawo ba. Ta cire awarwaro ta tashi, ni ina zuba koko, ita tana murƙushe sukari tana ƙulle leda, idonta ɗaya a bakina. Ko ɗanɗanon ban yi ba ranar, da hanci na dama.

Da hantsi ta fito da mashin. Iddi yana kan benci yana jiran motarsa ta cika. Na share hannu da tsumma, na miƙa mata, ta soka da kanta.

Sha biyar.

Ta dubi lambar, ta dube ni. Iddi ya leƙo ya ce, "Wallahi ni shaida ne, tun da na zo ko ruwa tsohuwar nan ba ta sha ba. Ko ƙamshin ne yake shiga jininta?"

"Malam Iddi, don Allah," in ji Memuna.

"A'a, Hajiya ƙarama, gwada naki mana. Ke da ba ki sha ba, mu ga abin da zai ce."

Don ta rufe masa baki ta yarda. Ta canza allura, ta ja tsumman nan ta share hannu kamar yadda ta ga ina yi tun tana yarinya, ta soka. Memuna ko shayi ba ta sa wa sukari. Mashin ya ce sha uku.

Iddi, da labarin jakunkunan ya riga ya iske shi, ya tafa hannu. "To, sai a nemo jaka ta uku. Wa zai kwashe ku duka biyun?"

Memuna ba ta yi dariya ba, fuskarta ta canza. Ta sa yatsan a baki don jinin ya tsaya, kamar yadda kowa ke yi. Sai na ga ta tsaya cak. Ta cire, ta lashi na kusa da shi wanda ba a soka ba.

"Mma, yatsuna zaƙi."

Ta ɗauki tsumman ta matse shi a tafin hannu, ta taɓa ruwan da harshe, ta tofar.

"Wannan tsumma ne ko alewa?"

Ta ɗauko butar alwalata, ta aika aka karɓo sabulu wajen mai wanke kwanuka, muka wanke hannu har wuyan hannu, muka bari suka bushe a iska, ba wanda ya taɓa tebur. Ta sake sokawa. Nata biyar da wani abu. Nawa shida da wani abu. Ranar Juma'a alwala ce take wanke mini hannu, a asibiti bokitin bakin ƙofa ne. A tebur kuwa sukari nake shafawa a kan sukari in ba mashin ya lasa.

Memuna ta buga wa nas waya a nan take. Ina jin dariyarta daga inda nake tsaye. Ta ce haka ne, mashin bai san sukarin cikin jini da na kan fata ba, abin da ya taɓa bakinsa shi yake faɗa. Ruwa da sabulu, a bar hannu ya bushe, ba tsumma ba. Ta kuma ce a gaya mini kar in yi rawa da yawa, shida da wani abu har yanzu bakin ƙofa ne. In ci gaba da tafiyata da ƙaramin tuwona, in riƙa zuwa ana ɗibar jini a asibiti, don na gida mai tuni ne kawai, nasu ne ke yanke magana.

Memuna ta durƙusa a gaban mutane ta ce, "Mma, ki yafe mini."

Na ce, "Ba ni kaɗai na ji ba lokacin da kika ce ina sha a ɓoye. Faɗa su ji."

Ta juya wajen benci ta ce, "Mma ba ta sha ba."

"Ba mu ji ba," in ji Iddi.

Ta sake faɗa da ƙarfi, har masu lodin doya suka waiwayo.

Saboda haka ku da kuke son sana'ar nan, ku ƙara wannan a kan wankin gero da tsami. Za ku yini da sukari a hannu, ku kwana da shi a farce. Ku dama abin da zai ƙare, kar ku mai da cikinku wajen zuba ragowa. Ku je a duba jininku tun ƙafa ba ta fara magana ba. In kuma kun sayi mashin, buta da sabulu su zauna a ƙarƙashin tebur, nesa da tsumma.

Memuna ta kwana ta bi motar farko, ta ninke jakunkunanta ta sa a hammata. Abu ɗaya ta manta, ba ta koma wajen Sanatu ba. Gari na wayewa, na shimfiɗa leda a tebur, tukunya na tururi, sai ga Sanatu tafe da tebur a ka, 'yarta a baya da benci. Ta zo har gindin bishiyar kafin ta ɗaga ido ta gan ni. Ta tsaya, tebur na lilo a kanta.

"Mma Lariba, an ce kin tafi Bawku."

Na ce, "An fasa. Sauke teburin ki huta wuyanki kafin ki mai da shi. Sukari nawa zan sa miki?"